A Daina Laɓewa A Bayan Girgije

Daga Suleja zuwa tsakiyar Abuja tafiyar sa'a guda ce a mota, in hanya ba ta cushe ba. A can ne ake taruwa a manyan otel-otel a kai a kai, ana karanta takardu a kan yadda sauyin yanayi ke haddasa zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi. A nan kuwa, garin da ya sallama sunansa da ƙasarsa aka gina babban birnin tarayya bayan dokar 1976, ka tari kansila ko dagaci ka tambaye shi abin da ya taɓa isowa hannunsa daga cikin waɗannan takardu. Alhali ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga mutum 3,641 da aka kashe a wannan rikici daga Janairun 2016 zuwa Oktoban 2018 kaɗai. Ilmin da bai kai ga mai tsai da shawara ba, a lamari irin wannan, amana ce aka ci.

Abin da ya kai ga kunnen masu mulki daga duk wannan bincike magana ɗaya ce, wai Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari. Gaskiya ne tafkin ya sauka daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000 bayan farin 1973 da na 1984. Amma rahoton da cibiyar Adelphi ta Jamus ta fitar a 2019, da wani awo na tauraron ɗan'adam da aka buga a 2020, sun nuna cewa tafkin ya daɗe da daina raguwa. Abin da ke wahalar da mutanen wurin shi ne ba su san yaushe ruwa zai zo ba, ko yaya zai zo. Duk da haka tsohuwar maganar ce ake ta maimaitawa a jawabai. Dalili a fili yake: ba a gurfanar da tafki a gaban alƙali, ba a kuma kayar da girgije a zaɓe.

Su ma malamai da nasu rabon laifin. A 2009 Marshall Burke da abokansa a Amurka suka buga cewa ƙaruwar zafi na ƙara yaƙin basasa a Afirka. Shekara na zagayowa Halvard Buhaug na Oslo ya amsa musu cewa lissafinsu bai tsaya ba. Aka shafe shekara goma ana ka-ce-na-ce cikin Turanci mai sarƙaƙiya, a mujallun da sai an biya kuɗin waje ake buɗe su. Sai a 2019 aka haɗa masana goma sha ɗaya na ɓangarorin biyu, mujallar Nature ta buga matsayarsu: yanayi ya yi tasiri a kan kashi 3 zuwa 20 cikin ɗari na haɗarin rikicin makamai a ƙarnin da ya wuce, amma talauci, da raunin hukuma, da fifita wata al'umma a kan wata, da tsohuwar gaba da ba a sasanta ba, duk sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. To, jama'a, wa wannan ya nuna da yatsa? Shin ƙarancin ruwan sama ne ya kwashe ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021, ko yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu na wannan shekarar? Da an rubuta wannan matsaya a shafi ɗaya da harshen da kowa ke ji, da wani kwamishina ya ji kunyar sake ɗora wa sama laifin ofishinsa.

Kada a ce muna ƙaryata sauyin yanayi. Akwai shi, akwai kuma binciken da ya faɗi daidai inda yake cizo. Eoin McGuirk da Nathan Nunn sun fitar da shi a 2020, bayan sun gwada taswirar ruwan sama da ta rikice-rikice a nahiyar nan. Kowane ɗan ƙauye ya san tsohon tsari: makiyayi ya gangaro kudu bayan girbi, shanu su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki, a rabu lafiya. Abin da suka gano shi ne, idan ruwa ya gaza a can ƙasar makiyayin, sai ya taso da wuri, ya iso amfani na tsaye a gona. Saboda haka farin a wani wuri yake aukuwa, jinin kuwa a wani wuri daban yake zuba, kuma da damina. Sun kuma ga cewa inda makiyaya ke da wakilci a gwamnati, abin yana sauƙi.

Wannan shi ne irin ilmin da ake aiki da shi. Ma'anarsa, ma'aunin ruwan da ke Sakkwato ko Tawa ko Maraɗi yana iya yi wa Jihar Neja gargaɗi makonni kafin garken farko ya iso. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa biyun, ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, da hakimi, da arɗo, da baturen 'yan sanda, cewa bana a sa ran shanu a wata kaza, ta burtali kaza, a zauna tun yanzu a tsai da mashaya da ranar buɗe gonaki. Da Hausa, da Fulatanci, da Gwaranci, da Nufanci. Wannan ba ya buƙatar otel.

Sai dai burtalin kansa yana nan? Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma a jihar nan muna da na Bobi a ƙaramar hukumar Mariga. Bayan haka dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamnoni, shirin Fadama na shekarun 1990 ya kai noman rani cikin fadamun da shanu ke cin rani. A ƙasar Suleja kuwa, duk mai bin hanya daga Madalla zuwa Gauraka har Dikko ya ga yadda gine-ginen waɗanda Abuja ta fi ƙarfin aljihunsu suka mamaye daji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauko daga sama. Kowanne da mai hannun da ya sa wa takarda hannu. Shirin Ruga an dakatar da shi a Yulin 2019 kafin ya tsaya da ƙafarsa, an kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya a 2024. Ma'aikata sabuwa ba za ta yi abin kirki ba muddin ba ta riƙe da taswirar da ta nuna wace hanya ce a buɗe, wacce aka nome, wacce aka yi wa katanga, kuma wane ne ya sayar.

Masu iya wannan aiki ba su da nisa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da cibiyar WASCAL mai horar da masana yanayi, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika. Matsalar ita ce ƙarin girman malami a jami'a ya rataya ne a kan abin da ya buga a mujallu, musamman na ƙetare. Wanda ya kwashe damina yana bin sawun shanu da dagatai ba ya samun ko sannu.

Saboda haka muna kira ga 'yan Majalisar Dokokin Jihar Neja, na kowace jam'iyya, su kira waɗannan malamai Minna kafin a zartar da kasafin kuɗin baɗi, su ba su tambaya takamaimai da kuɗi da wa'adi: taswirar burtali da mashaya ta kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 25. Asusun TETFund kuma ya sa sharaɗi cewa duk binciken da ya biya a kan wannan rikici, kada a saki cikon kuɗinsa sai mai binciken ya je ya karanta sakamakon a gaban majalisar sarkin ƙasar da ya yi aikin, manoma da makiyaya na zaune, suna da bakin yi masa gyara.