Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba

Masana kimiyya sun kasa haɗuwar sinadarai gida biyu ta fuskar makamashi: akwai wadda take shan zafi kafin ta auku, akwai kuma wadda take fitar da shi. Ɗalibai sukan haddace wannan domin jarrabawa kawai, alhali kuwa magini da mai buga bulo sun fi kowa bukatar saninsa, domin ƙarfin siminti a kansa ya dogara.

A masana'antu irin na Sakkwato da Ashaka, ana gasa dutsen farar ƙasa tare da yumɓu a tanderun da zafinsa yakan kai digiri 1,450. Tun a wajen digiri 900 dutsen yake wargajewa, ya saki iskar kabon. Wannan mataki shan makamashi yake yi, kuma da an janye wuta sai ya tsaya cik.

To, ranar da garin siminti ya gamu da ruwa, sai al'amari ya juya. Ruwan yakan shige jikin sinadaran, su sarƙe da yashi da tsakuwa, zafi kuma ya riƙa fita. Zafin nan ba abin rainawa ba ne. Lokacin gina madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, tsakanin 1931 da 1936, injiniyoyi sun ƙiyasta cewa idan aka zuba kankaren a tashi ɗaya zai fi shekara 100 bai huce ba, don haka suka binne bututan ruwan sanyi a cikinsa.

Ashe ke nan siminti ba bushewa yake yi ba, cin ruwa yake yi ya ƙanƙare. Idan ranar bazara ko iskar hunturu ta ƙwace ruwan da wuri, haɗuwar takan tsaya a rabin hanya, a sami bulo mai marmashewa da kankare mai tsagewa. Abin da ya kamata shi ne a yi ta ban-ruwa aƙalla kwana 7, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A kwana na 28 ne injiniyoyi suke auna ƙarfinsa.

Saboda haka wajibi ne sassan kimiyya na jami'o'i su kai wannan ilmi ga ƙungiyoyin magina cikin harshen Hausa. Mai gida kuma ya ƙi karɓar bulon da aka buga jiya, komai araharsa, domin iyalinsa ne za su kwana a ƙarƙashin ginin.