Waiwaye: Kaset a Hannu, Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Tsakanin 2000 da 2010, wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya shiga kasuwa neman kyamarar bidiyo, tambayoyinsa ba su wuce biyu ba: yaya hasken hotonta, kuma daga ina zuwa ina take iya janyo mutum? Mai shago ya kunna ta, ya saita ta kan allon wani shago a tsallaken titi, ya janyo rubutun har ya cika ɗan gilashin da ake buɗewa a gefenta. Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Da wuya ka ji an tambayi ta wace hanya hoton zai fita daga cikinta ya shiga kwamfuta, balle ko manhajar tace fim da ke gida za ta iya buɗe shi. A nan kuwa kuɗin mutane da yawa ya maƙale, har da na samarin da suka saya don su riƙa ɗaukar biki da suna da walimar sauka su sami na abinci.

Kaset ɗin MiniDV, wanda ya fito a 1995, shi ya fi kowanne daɗin sha'ani ga mai tacewa a gida. Girmansa bai fi akwatin ashana da wani abin kirki ba, yana cin awa guda. Sirrinsa shi ne kowane hoto a cikin hotuna 25 na daƙiƙa ɗaya a cike yake, bai jingina da na gabansa ko na bayansa ba, saboda haka duk inda ka sa almakashi yana yankuwa tsaf. Windows Movie Maker da ke zuwa kyauta cikin Windows XP yana karanta shi, iMovie na Apple da ya fito a 1999 dominsa aka yi shi, haka Pinnacle Studio da Ulead da Adobe Premiere.

Sai dai yana da sharaɗi, wato wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, injiniyoyi kuma su ce IEEE 1394. Mutum ya buɗe kwali ya ga wayar USB, ya ɗauka magana ta ƙare. Ya jona, kwamfuta ta nuna masa hotunan tsaye da ke kan ɗan katin ajiya, fim ɗin da ke kan kaset kuwa ko alamarsa. A yawancin irin waɗannan kyamarori aikin USB ke nan. Ita FireWire sau da yawa ba ta cikin kwalin, kwamfutoci da dama kuma ba su da kafarta, sai an sayi kati an buɗe cikin kwamfutar an dasa. Ko an dace da wannan, kaset na awa ɗaya awa ɗaya cur yake ɗauka kafin ya gama juyewa, ya cinye wajen gigabait 13. In aka ɗauke wuta ana tsakar juyewa, sai haƙuri, a mayar da kaset baya.

Kayan hannu da ake shigo mana da su sun zo da nasu tarkon. A lokacin Najeriya tsarin PAL take bi, Amurka da Japan kuwa NTSC, mai hotuna kusan 30 a daƙiƙa. Ka haɗa hoton kyamarar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka da na wadda aka saya a Kano cikin aiki guda, sai ka ga motsin amarya yana sarƙewa. Wasu na Turai kuma an toshe musu hanyar karɓar hoto daga waje, domin kwastan na can sun fi ɗora haraji kan na'urar da ke iya naɗa daga wata na'urar. Fim ya fita zuwa kwamfuta lafiya lau, amma bayan an tace ba ya komawa kan kaset.

Abin da ya fi ba ni takaici a wancan zamani shi ne yadda sabon yayi ya riƙa cin amanar masu zumuɗi. A 2001 Sony ta fito da MicroMV, kaset ɗan mitsitsi mai ban sha'awa, amma da farko kusan sai manhajarta MovieShaker ke iya karanta shi, kuma bai yi tsawon rai ba. Aka zo kan kyamarori masu naɗa kai tsaye a ƙaramin faifan DVD. Masu biki sun so su, don ana gamawa a rufe faifai a saka a na'urar falo kowa ya kalla. Amma faifan kusan rabin awa yake ci, hoton kuma an matse shi da tsarin MPEG-2, inda hoto ɗaya cikakke ke ɗauke da jerin waɗanda ke biye da shi. Yankan irin wannan sai kwamfuta ta yi gumi, kuma duk sake adanawa yana rage masa kyau. JVC Everio na 2004 ta zo da fayil mai suna MOD, wanda mutane suka riƙa sauya wa suna zuwa MPG da hannu don manhaja ta yarda ta kalle shi. AVCHD na Sony da Panasonic ya iso a 2006 da hoto garau, ya tarar da kwamfutocin gida ba su da ƙarfin ɗaukarsa, shi kansa iMovie sai a 2007 ya fara karɓarsa.

Waɗanda na ga sun tsira daga wannan wahala daga ƙarshen hanya suka faro. Su duba manhajar da suka iya, da ƙarfin kwamfutarsu, da kafofin da ke jikinta, sannan su nemi kyamarar da ta dace da su. Masu wayon cikinsu har da kwamfutar cinya suke zuwa shago, a ɗauki minti ɗaya na masu wucewa, a juye, a yanka, a saurara ko murya na tafiya daidai da baki, kafin a fara maganar farashi. Mai shagon da ya ƙi wannan gwaji, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Har gobe dabarar na aiki. Tun 2017 wayoyin iPhone ke naɗa da tsarin HEVC, kuma tsohuwar kwamfuta kan tsaya cik a gabansa. Sai dai damuwata ta fi karkata ga tsofaffin kaset ɗin da ke jibge cikin akwatuna da ƙasan gado, ɗauke da muryoyin iyaye da kakanni da suka riga mu gidan gaskiya. An daina ƙera kyamarorin MiniDV, sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da kafar FireWire, zafi da danshin damina kuma suna cin zaren kaset a hankali. Mai irin wannan ajiya ya nemi wanda har yanzu yake da kyamara mai rai da tsohuwar kwamfutar da ke da kafar, a juye masa fayil ɗin yadda yake ba tare da an matse ba, ya adana shi wuri biyu, sannan a yi ƙaramin kwafi na MP4 da za a tura wa dangi a waya.