Tsibiran Kanari: Wurin hutun Turawa da ya fara gajiya da baƙi

Duk shekara idan sanyi ya kankama a Turai, jiragen sama kan yi ta jigilar mutane daga Ingila da Jamus zuwa tsibiran Kanari. Tsibiran mallakar Sifaniya ne, amma a taswira sun fi kusa da Afirka, domin mafi kusa a cikinsu bai wuce tazarar kilomita 100 daga gaɓar Maroko ba. Mazaunansu kimanin miliyan 2.2 ne, alhali baƙin da suka je hutu daga ƙasashen waje a 2024 sun haura miliyan 15.

Abin da ke jan mutane a bayyane yake. Babu zafi mai tsanani, babu sanyi mai sa mutum ya maƙale a ɗaki. Dukkan tsibiran aman wutar duwatsu ne ya fito da su daga ƙarƙashin Tekun Atlantika, shi ya sa kowannensu ke da tasa kama. A Tenerife akwai dutsen Teide mai tsayin mita 3,715, wanda babu kamarsa a duk Sifaniya. A Lanzarote, inda ƙasa ta yi ta aman wuta daga 1730 zuwa 1736, har yau akwai gidan abinci a gandun Timanfaya da ke gasa nama da zafin da ke tasowa daga rami. Manoman tsibirin kuwa suna haƙa ramuka a cikin baƙar toka su shuka inabi, su kewaye kowane rami da gajeriyar katangar dutse saboda iska. Tudun yashin Maspalomas a Gran Canaria ba zai ba mutumin Agadas mamaki ba, haka ma ƙurar Sahara da kan lulluɓe tsibiran, wadda a watan Fabrairun 2020 ta sa aka rufe filayen jiragen sama.

Wutar ba ta mutu ba. A ranar 19 ga Satumba, 2021, dutsen Cumbre Vieja da ke tsibirin La Palma ya tsage, ya yi kwana 85 yana amai. An kwashe mutum kusan 7,000, gidaje sama da dubu suka salwanta, narkakken dutse ya binne ƙauyen Todoque da gonakin ayaba. Abin mamaki, wurin ya koma abin kallo da ake kai baƙi.

Sai dai abin da ya fi damun 'yan tsibiran yanzu shi ne yawan baƙin. A ranar 20 ga Afrilu, 2024, dubun-dubatar mutane suka fito zanga-zanga suna cewa tsibiran suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. Yawon buɗe ido na samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na arzikin yankin, duk da haka albashi a can yana cikin mafi ƙanƙanta a Sifaniya. Masu gidaje sun gano cewa bai wa baƙo haya na mako guda ta Airbnb ya fi riba a kan ɗan gari mai biya wata-wata, don haka mai aikin otal ya rasa inda zai kwana kusa da wurin aikinsa. Ga kuma ruwa. Tun shekarun 1960 Lanzarote ke tace ruwan teku don sha, Tenerife kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin ruwa a 2024, ga otal-otal cike da tafkunan ninƙaya. Masu zanga-zangar suna da hujja, ko da yake babu wanda ya faɗi sana'ar da za ta maye gurbin wannan idan baƙi suka ragu.

Akwai wasu baƙin da ba sa zuwa ta filin jirgi. A 2024 mutum 46,843 ne suka isa tsibiran a kwale-kwale, galibi daga gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, adadin da ba a taɓa gani ba. Da yawansu sun sauka ne a El Hierro, tsibirin da mazaunansa ba su fi 11,000 da 'yan kai ba. Waɗanda teku ta cinye dubbai ne. A Nuwambar 2022 an ga hoton wasu 'yan Nijeriya uku da suka yi kwana 11 a zaune kan filafilin juya wani jirgin dakon mai daga Legas zuwa Las Palmas.

Wannan yanayi na shafar ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da halin zuwa hutu na gaskiya. Da yake tsibiran na cikin yankin Schengen, sai ya nemi biza, ya biya yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana shi, ya kuma gabatar da bayanin asusun banki da shaidar otal da tikitin dawowa, kana ya bi ta Madrid ko Kasablanka. Bature kuwa da katin shaida ko fasfo kawai yake sauka, bayan tafiyar awa huɗu zuwa biyar.