Gwanjo, Okirika, Thrift: Sunaye Da Yawa, Dila Ɗaya



Duk mai leƙa WhatsApp da Instagram a 'yan shekarun nan ya ga yadda wata kalmar Turanci ta mamaye tallar tufafi a Legas da Ibadan da Fatakwal, wato thrift. Za a wanke riga a goge ta, a rataye a ɗauki hoto mai kyau, a rubuta thrift a ƙasa, sannan a sa mata kuɗin da ya ninka na kasuwa. In ka bi sawun rigar nan, sau da yawa daga dilar da ɗan uwanmu ya fasa da asuba a Katangowa ta fito. Shi da ke kiran kayansa gwanjo ana yi masa kallon ƙasƙanci, wasu ma ba sa so a gan su a bakin rumfarsa. Mai cewa thrift kuwa 'yar kasuwar zamani ce.

Da yake mutanenmu da dama da wannan sana'a suke ci da iyali, kuma kusan kowane gida a cikinmu da ita yake suturta yara, muka ga ya dace mu baje waɗannan sunaye a faifai. Ra'ayinmu shi ne wanda ya san ma'anarsu ba za a cuce shi da su ba, ba kuma zai ji kunyar nasa ba.

Mu fara da masu Turancin, domin su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. A Ingila, kantin da ake sayar da tsofaffin kaya charity shop suke ce masa, wato kantin sadaka. Mutane ne ke kawo tufafi da littattafai da kwanuka kyauta, 'yan sa-kai su tsaya su sayar, ribar ta tafi asusun ƙungiyar agajin da ke da kantin. Oxfam, wadda aka kafa a garin Oxford a 1942, tana cikin waɗanda suka fi suna a wannan harka. A Amurka irin wannan kanti thrift store ne, kuma thrift ɗin nan da ake yi mana burga da shi ma'anarsa tsimi da tanadi. Babbar ƙungiyarsu a wannan fanni, Goodwill, wani limamin coci mai suna Edgar Helms ne ya assasa ta a Boston a 1902, inda yake tara tsofaffin kaya daga gidajen masu hali, talakawa su gyara a sayar a biya su lada. A Ostareliya da New Zealand kuma op shop ake cewa, taƙaitawar opportunity shop, kantin da za ka iya dacewa da abin kirki a kuɗi kaɗan.

Haka bambancin yake idan mutum kayan gidansa zai sayar da kansa. Ba'amurke zai fito da su ƙofar gareji ko farfajiyar gida ranar Asabar, ya kira abin garage sale ko yard sale. Baturen Ingila zai loda su a mota ya tafi wani fili da ake haɗuwa da sassafe, ya buɗe but ya baje, shi ne car boot sale. Ba'amurke ma bai san but da sunan boot ba, trunk yake cewa. Gwanjon da ake shiryawa a zauren coci ko makaranta don tara kuɗi, a Ingila jumble sale ne, a Amurka rummage sale. Akwai flea market, wadda fassararta kasuwar ƙuma, sunan da suka aro daga Faransawa. Akwai estate sale a Amurka, inda ake buɗe gidan wanda ya rasu ko zai ƙaura a sayar da komai, tun daga gado har cokali. Akwai kuma consignment store, inda mai kaya ke ajiye kayansa, in an sayar mai kanti ya cire kasonsa ya ba shi saura.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan sunaye ko dai manufar cinikin suke faɗa, ko wurin da ake yin sa: sadaka, tanadi, dacewa, gareji, but ɗin mota. In ka cire kasuwar ƙuma, babu wanda ke ɗauke da zunɗe. Ma'aikaci mai albashi zai shiga kantin sadaka ya sayi kwat, ya fito yana ba abokansa labarin arahar da ya samu.

To mu dawo Afirka, inda ƙasashe da yawa su ma Turanci ne harshen hukuma. A Gana ana kiran kayan obroni wawu, wato Bature ya mutu, domin mutanen farko da suka ga tufafin sun ɗauka babu mai rai da zai rabu da kaya masu kyau haka. A Kenya da Tanzaniya mitumba ne, wato ƙunshi ko dila. A Zambiya salaula, ma'ana tona ka zaɓa. A nan gida kuwa sunayen ba su ƙirguwa. Ana cewa okirika, daga sunan garin Okrika na Jihar Ribas, inda aka ce jiragen ruwa sun riƙa sauke kayan a da. Ana cewa bend down select, saboda sai ka sunkuya kafin ka zaɓa. Yarabawa na cewa tokunbo, wanda ya zo daga ƙetaren teku, sunan da suke raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje. Masu motoci da safaya a Ladipo suna cewa Belgium, saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ake lodo daga can. Mu kuma muna cewa mota 'yar Kwatano. Gwanjon ma da muke ganin namu ne, daga bakin Yarabawa muka same shi, asalinsa cinikin da ake yi a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Namu sunayen hanyar da kaya suka biyo suke faɗa, ko yadda mai saye ke durƙusawa a kansu. Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma waɗannan sun daɗe suna jan mu zuwa ga jin cewa mu masu karɓar ragowar wasu ne.

Gaskiyar yadda kayan ke zuwa ita ce maganin wannan tunani. Kantunan sadaka na Turai da Amurka ba sa iya sayar da duk abin da ake kawo musu. Abin da ya yi saura suna sayar wa kamfanonin tantance tufafi a kan kilo. Kamfanonin su ware daraja-daraja, su matse a dila, su cika kwantena su sayar wa dilolinmu da dala ko fam. Da yake tsofaffin tufafi suna cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su Nijeriya, da yawansu a Kwatano ko Lome suke sauka kafin su tsallako. Daga nan sai Katangowa da Yaba da Aswani a Legas, sai kasuwannin Aba, har Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna. Kowane hannu da dila ta bi sai ya ci riba. Sadakar tun a ƙofar kantin Ingila ta ƙare. Abin da ya iso gare mu haja ce, da guminmu muka biya.

Wanda ke shakkar haka ya dubi abin da ya faru da Ruwanda. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka yanke shawarar rage shigo da gwanjo har su daina, don masaƙunsu su farfaɗo. 'Yan kasuwar gwanjo na Amurka suka kai kuka ga gwamnatinsu. Kenya da Yuganda da Tanzaniya suka ja da baya, Ruwanda ta tsaya a kan harajin da ta ƙara, sai Amurka ta dakatar da rangwamen harajin da take yi wa tufafin Ruwanda a 2018. Ba a yin irin wannan faɗa a kan kyauta. Kasuwa ce babba, kuma mu ne masu sayen da ake tsoron rasawa. To don me mai saye da kuɗinsa zai riƙa ɓuya?

Har ila yau, sayen na hannu ba Bature ne ya koya mana ba. Tun kafin dila ta farko ta sauka, dillaliya tana yawo gida-gida da ƙunshi a ka. Matar da ke buƙatar kuɗi za ta ba ta zane ko kwano ko tasa, ta kai wani gida ta sayar, ta cire la'adarta ta kawo saura. Consignment store ɗin Amurka ke nan, babu haya babu allon talla. Kwance kuma kowa ya san shi: wa ya cire ƙane ya sa, mai gida ya kwance wa yaronsa babbar riga ranar Sallah, kuma babu wanda ya ɗauki hakan abin gori.

Mun san akwai masu cewa gwanjo ne ya kashe masaƙunmu, don haka bai kamata a yabe shi ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da KTL da UNTL ke aiki dare da rana, in ya ga wurin yau sai ya yi hawaye. Amma rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri mai araha, su ma suna da babban kaso a laifin. Magidanci mai 'ya'ya shida da ke neman rigunan sanyi ba shi ne zai ɗauki wannan alhaki ba, musamman tun daga 2023 da darajar Naira ta faɗi komai ya tashi. Akwai kuma matsalar shara. A Kantamanto ta Akara, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, tsummokaran da ba su sayuwa suna ƙarewa a kwata da bakin teku. Wannan dalili ne na mu matsa wa masu kawo mana dila su daina cusa mana bola, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu suna da bakin yin magana a kai.

Inda muka fi jin tsoro shi ne yadda ake amfani da suna a rufe aibi. Wayar da aka ce maka UK used a Computer Village ba lallai ne ta taɓa sauka Ingila ba. Motar da aka ce direct Belgium wataƙila ta yi shekara biyu tana kabu-kabu a wani gari kafin a yi mata fenti. First grade da cream da grade A babu hukumar da ke auna su, bakin mai kaya ne kawai. Vintage a can ana nufin kayan da suka kai kimanin shekara 20 kuma ake nemansu saboda daɗewar, a nan kuwa kowace riga mai zane-zane an mayar da ita vintage. Pre-loved ma gwanjo ne aka shafa wa turare.

Saboda haka muna da kira guda uku.

Ga masu saye: suna ba ya ƙara wa riga kwana. A duba ɗinki da hammata da wuya da zif, a ɗaga ta a rana a ga ko ta sha jiki. In waya ce a gwada batir da kyamara da layi kafin kuɗi su bar hannu, a karɓi rasit. In mota ce a tafi da bakanike na amana. Tufafi kuma a wanke su da kyau, a shanya a rana, a goge kafin a sa, musamman na jarirai. Kayan ciki dai sabo ya fi, ko da guda biyu mutum zai iya saye.

Ga 'yan kasuwarmu: matasan da ke sayar da thrift ba abokan gaba ba ne, kwastomominku ne, kuma akwai darasi a wajensu. Abin da suka ƙara wa kayan shi ne wanki da guga da hoto da kai wa mutum har gida. Babu ɗaya a ciki da ya gagari yaron da ke zaune a rumfarku da waya a hannu. Ku koyi kalmomin don ku san abin da kwastoma ke nema, ku yi amfani da su in ciniki ya buƙata. Amma wanda ya gauraya na biyu a cikin na ɗaya, ko ya ninke riga ta inda ta yage, ya sani algus ne da kowane harshe aka kira shi. A garin da muke baƙi, amanar da aka san Bahaushe da ita ita ce jarinmu, in mutum ɗaya ya ɓata ta duka ake zagi.

Ga al'umma baki ɗaya: akwai abu ɗaya da ya kamata mu ara daga kantin sadaka. A gidajenmu akwai akwatunan ankon biki da aka sa sau ɗaya, da yunifom da yara suka girme, da takalma da littattafan makaranta. Me zai hana kowace unguwa ta ware rana ɗaya kafin Sallah ko kafin komawa makaranta, a kawo su a sa musu kuɗi kaɗan, abin da aka tara a taimaki marayu da marasa lafiya? Mai ƙaramin ƙarfi ya saya da mutuncinsa, bai roƙi kowa ba. Iyayenmu mata da suka san dillanci sun fi kowa iya tsara wannan. Za mu gabatar da shawarar a taro mai zuwa, kuma muna so a zo da ra'ayi, har da na masu ganin ba za ta yiwu ba.

Kafin nan, duk wanda aka tambaye shi inda ya sayi rigarsa, ya ce gwanjo da bakinsa cike. Halak ɗinsa ya ci.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya bar zumunci.

Sakatare