Jita a Gefen Dajin Rugu: Kunne Kafin Yatsu

A shekarar 2008 wani matashi Buzu daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ya sauka Sakkwato, ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar. Shi ne Mdou Moctar, wanda yau ake cika zaure a Turai da Amurka don jin kiɗansa na rok. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Waƙoƙinsa kuwa daga waya zuwa waya suka bazu, ta Bluetooth da katin ajiya, tun kafin wani kamfani ya san da shi.

Labarin nan ya shafi duk matashin Batsari ko Safana da ya samu jita mai tsirkiya shida, ya ɗauka cewa malaminsa yana cikin YouTube. Darussan intanet suna da amfaninsu: suna nuna inda yatsa zai danna, suna bayyana cewa buluz, kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka wanda rok ya tsiro daga jikinsa, yakan zagaya ne a gaɓa 12 bisa haɗin sauti uku kacal. Wannan ana iya haddace shi cikin mako guda. Abin da ba ya haddatuwa shi ne lanƙwasa tsirkiya har ta yi kuka irin na muryar mutum, da sanin inda za a yi shiru a bar amshi ya shigo. A nan ne ɗan yammacin Katsina ya riga ɗan Landan, in da ya sani.

Buluz ya dogara ne ga matakan sauti biyar, kamar yawancin kiɗan Hausa na gargajiya. Kunnen da ya tashi da garayar mafarauta, da molo, da gurmin Haruna Uji, ya riga ya saba da su. Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ya riƙe ƙasa shekaru da dama, a kan kuntigin da ake yi da gwangwanin kifi da fata. Kira da amshi kuma ba baƙo ba ne ga wanda ya ji Mamman Shata da 'yan amshinsa. Masani Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya danganta da yawa daga siffofin buluz da wannan shiyya ta kudancin Sahara, wadda ƙasar Hausa take ciki. Ba a ce an haifi buluz a Katsina ba. A gonakin auduga na Misisifi ya girma, cikin wahalar da ta biyo bayan bauta. Amma dangantakar ta isa ta sa Ali Farka Touré na Mali ya zauna da Ry Cooder na Amurka su fitar da Talking Timbuktu a 1994 ba tare da ɗayansu ya bar salonsa ba.

Don haka hanyar da ta fi dacewa ita ce mai koyo ya nemi tsohon makaɗin garaya ko gurmi, ya zauna kusa da shi, ya kwaikwayi kiɗansa a kan tsirkiya biyu kawai na tsawon watanni, kafin ya waiwayi Jimi Hendrix. Akwai kuma dalili na zahiri. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Wanda malaminsa yake cikin waya, ran nan makarantarsa ta tashi.

Sai dai tsohon makaɗin ma samunsa ya fara wuya. Tsoron da ke fitowa daga dajin Rugu ya kashe dandali, ya rage kiɗan biki na dare, ya watsa ƙauyuka zuwa Batsari da birnin Katsina. Situdiyon zamani sun maye gurbin tsirkiya da kwamfuta. Iyaye masu ilimi kuma, waɗanda ke sauraron Tinariwen a mota suna yaba lambar Grammy da suka ci a 2012, su ne kan murtuke fuska idan ɗansu ya zauna da mai garaya, wai kiɗa sana'ar maroƙa ce. Jita daga kanti ana sayenta ko yaushe aka samu kuɗi. Mai garayar da ya bar ƙauyensu ya koma dako a tasha, in ya rasu, da salonsa ake binne shi.