Siminti Ya Fi Zinari Yin Attajirai

Idan aka ce ma'adinai a majalisar matasan Ƙaraye ko Rogo, zinari ne ke faɗowa a rai. Amma 'yan Kano biyu da suka fi kowa cin arzikin ƙarƙashin ƙasa ba zinari suka tona ba, dutsen farar ƙasa ne. Aliko Ɗangote yana fasa shi a Obajana ta jihar Kogi, Abdussamad Isyaka Rabi'u kuwa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Ba sa sayar da shi ɗanye. Sai an niƙa, an gasa, an ɗura a buhu, sannan ya fito da sunan siminti.

Masu cewa da hannu biyu suka fara sun ɗan ƙara gishiri. Aliko tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, Abdussamad kuwa ya taso a gidan kasuwanci kafin ya kafa kamfanin BUA a 1988.

Ɗan ci-ranin da ya gama girbi ya nufi ramukan zinari na Zamfara da diga da fitila a goshi ba shi da wannan gata. Shi ke shiga rami, dillali ke yanka farashi. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 sakamakon haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta bai wa ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa damar neman lasisi. Shugabannin ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo su tara matasan nan, su taimaka musu da rajista.