Laƙabi da Fassara: Abin da Hirar Fim Take Koyarwa a Teburin Mai Shayi

Jega mahaɗar hanyoyi ce. Mai zuwa Sakkwato, da mai zuwa Birnin Kebbi, da wanda ya nufi Yawuri ta Maiyama, duk sai sun ratsa ta, kuma garin da ake yada zango ba ya rasa teburin mai shayi. Da an idar da sallar isha'i benci ya cika, hira takan soma da farashin albasar Aliero, ta bi ta ƙwallon Turai, sannan ta faɗa kan fim: wanda aka tura wa wani a waya, ko wanda aka gani a gidan kallo, ko shirin da Arewa24 ta nuna a makon. Dattawa da yawa, daga Kimba har cikin garin Jega, suna ɗaukar wannan ɓangare na hirar a matsayin zaman kashe wando. Ba su yi mata adalci ba. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta daɗe tana sharhin fina-finai a rubuce, amma mafi yawan sharhin da ake yi a ƙasar Hausa da baki ake yin sa, a kan benci. Ya kamata a san abin da yake ƙunsa, da kuma abin da ke neman raunana shi.

Wannan hira tana da ayyuka biyu. Na farko shi ne raɗa suna, kuma duk duniya ana yin sa, har a kan abinci. A 1994 aka fitar da fim ɗin Amurka mai suna Forrest Gump, inda jarumin ya kafa kamfanin kamun jatan lande don cika alkawarin da ya yi wa abokinsa Bubba, wanda ya mutu a yaƙin Biyetnam. Bayan shekara biyu, a 1996, sai aka buɗe gidan abinci na gaske a Monterey ta jihar Kalifoniya da sunan Bubba Gump Shrimp Company, kuma daga baya ya yi rassa a ƙasashe da dama. Wani lokaci kuma abincin ne yake ba fim suna. Ratatouille, fim ɗin zane na 2007 game da ɓeran da ya ƙware a girki a birnin Paris, sunan wata miyar talakawan kudancin Faransa ce ta tumatir da albasa da tattasai da dangin gauta. Miliyoyin yara sun san kalmar ta hanyar ɓeran tun kafin su ga miyar.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan sana'a. Wanda ya kira shinkafa da wake garau-garau, ya kira shayi marar madara ruwan bunu, ya kira babur mai ƙafa uku A Daidaita Sahu saboda wani shirin gwamnatin Kano, ba zai bar taurarin fim su wuce da sunayen da suka zo da su ba. Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa masu kallo suna kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suna kiran Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. A Kannywood ma haka abin yake: marigayi Rabilu Musa ya rasu a 2014 duniya na kiransa Ibro, kuma mutane da yawa da suka san Kamaye na shirin Daɗin Kowa ba za su iya faɗin sunansa na yanka ba. Laƙabi irin wannan sharhi ne a dunƙule. Wanda ya ce Ɗan Daba Mai Lasin ya lura cewa jarumin yana aikata abin da ɗan daba yake aikatawa, amma labarin ya ba shi izini, kuma wannan lura ce da mai digiri zai iya cika shafi biyar yana bayaninta.

Sai dai laƙabi ba ya neman hujja. Idan ya yi daɗi a baki ya zauna, idan bai yi ba ya ɓace, ba wanda ya cutu. Aiki na biyu, wato fassara ma'anar labari, shi ne mai nauyi, kuma babu fim ɗin da ya fi dacewa a gwada shi da shi kamar Inception, wanda Christopher Nolan ya shirya a 2010.

Labarin a taƙaice shi ne: Cobb, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa, ɓarawo ne da ke shiga mafarkin mutane ya sace sirrinsu. Wani attajiri mai suna Saito ya ɗauke shi aikin da ya fi sata wuya, wato ya dasa wani tunani a zuciyar Robert Fischer, magajin wani babban kamfanin makamashi, don ya wargaza dukiyar mahaifinsa da hannunsa. A cikin jirgin sama daga Sydney zuwa Los Angeles suka sa shi barci, suka shiga da shi mafarki cikin mafarki har hawa uku: birni mai ruwan sama, da otal, da wata ganuwa a cikin ƙanƙara. Duk hawan da aka sauka, lokaci yana ƙara tsawo. Cobb yana da wani ɗan ƙarfe da yake murzawa kamar yadda yara ke murza katantanwa. Idan ya faɗi, a farke yake, idan ya ci gaba da juyi, mafarki ne. A ƙarshen fim ɗin ya murza shi, ya tafi wurin 'ya'yansa bai tsaya ya duba ba, ƙarfen ya ɗan yi tangaɗi, hoto ya ɗauke.

Tun daga lokacin ake gardama a kan wannan ƙarshe, kuma gardamar tana da daraja ne saboda masu yin ta suna kawo shaida daga cikin fim ɗin. Wasu sun lura cewa zoben aure yana hannun Cobb a wuraren mafarki, ba ya nan idan yana farke. Wasu sun tuna cewa ƙarfen asalinsa na matarsa ne, Mal, don haka ba lallai ya zama abin dogaro a hannunsa ba. Kowane ɓangare yana iya cewa a mayar da fim baya a duba.

A ɗauki misalin ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wanda ya kalli fim ɗin a waya ya zo yana ba da labarinsa a majalisa. Masu sauraronsa ba da hannu wofi suka zo ba. Sun tashi da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da mafarkin sarki na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Sun san malamai sun kasa mafarki gida uku: na bushara, da na Shaiɗan, da wanda zuciya ke saƙawa. Sun saba ganin littattafan fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin a shagunan littattafai. Mutumin da ke da wannan tarbiyya zai iya ganin abin da gardamar ƙarfe ta rufe. A hawa na uku, an sa Fischer ya ga mahaifinsa a gadon mutuwa yana nuna masa cewa ba ya son ya kwaikwaye shi. Fischer ya yi kuka, ya farka da sanyin zuciya. Amma wannan wasiyya ƙirƙirarriya ce, abokin hamayyar kasuwanci ne ya biya aka shirya ta. A wurin da mafarkin mamaci yake da nauyi, kuma rabon gado yake da dokoki, tambayar da ta fi tsanani ita ce ko an yi wa maraya magani ne ko an cuce shi. Wannan fassara ce mai tushe a cikin labarin, kuma ba ta gaza ta kowane marubucin jarida a Landan ba.

Abin da ke barazana ga irin wannan tunani yana zuwa ne ta hanya mai daɗi. Fina-finan Indiya da ake juya wa murya zuwa Hausa, waɗanda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka yi fice da su, sun buɗe wa wanda bai ji Hindi ko Telugu ko Turanci ba ƙofar da a da take rufe, kuma wannan alheri ne. Amma mai fassarar ba ya tsayawa ga maganar 'yan wasa. Yakan sauya wa fim suna, ya raɗa wa jarumi laƙabi, ya saka barkwancin gida a inda babu shi, wani lokaci har ya sanar da mai kallo wane ne mugu. Ayyukan nan biyu da benci ya saba yi, an riga an yi masa su a ɗakin ɗaukar murya, da karin harshen Kano. Mai kallo a Maiyama yakan tashi da ra'ayi yana zaton nasa ne, kamar yadda Fischer ya sauka daga jirgi.

Za a ce fim nishaɗi ne, manomin da ya wuni a gonar albasa bai zo jarrabawa ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a hana shi dariya. Amma wayar da ke kawo masa fim ita ce ke kawo masa guntun bidiyon da aka yanke daga wa'azi, da muryar da aka ɗora wa hoton ɗan siyasa, da tsohon hoton rikicin wata ƙasa da aka ce jiya ya faru a Najeriya. Dukansu hoto ne da wani ya ɗora wa fassara. Wanda ya saba bambance abin da idonsa ya gani da abin da aka gaya masa ya gani, shi ne zai yi jinkiri kafin ya tura wa wasu.

Don haka gyaran da hirar fim take bukata ƙarami ne. Masu juya murya su ci gaba da sana'arsu, amma mai kallo ya riƙa tuna cewa akwai mutum tsakaninsa da fim ɗin. Malaman Hausa da na adabi a makarantun Jega da Aliero za su iya nuna wa ɗalibai minti biyar na fim ba murya, su nemi kowa ya faɗi abin da ya faru da dalilinsa. A kan benci kuwa, a bar laƙabi ya yi ta yawo yadda ya ga dama. Idan dai wani ya ce ga abin da labari yake nufi, ko fim ne ko bidiyon da aka turo a WhatsApp, sai a samu mai tambayarsa a wane wuri aka nuna hakan, a kuma mayar da hoton baya a duba tare.